Takalman Muntari

Ranar wata Asabar, cikin azumin da ya faɗo a tsakiyar bazara, salatin Juwairiyya ya tsayar da aiki cak a wurin fasa dutsen nan na bayan Unguwar Gai.

Ita ce ma'aikaciyar lafiyar wurin. Wata kwantena aka gyara mata ta zama ɗakin magani, aka sa mata firji mai aiki da sola, domin daga nan zuwa asibiti a Rano tafiya ce mai karya ƙugu, ga kububuwa kwance ƙarƙashin duwatsu. A firjin nan ake ajiye allurar kashe dafin maciji. Ba irin maganin da ake saya a kan tire ba ne. Sai likita ya sa hannu, mai lasisin haɗa magunguna ya bayar daga Kano, sannan a damƙa wa Juwairiyya amana, bisa sharaɗin kada ya bar sanyi, kada kuma a haɗa shi da komai.

Tun Alhamis ta tafi gida, kowa ya san sai Lahadi za ta dawo. Sai ta dace da wata tifa mai tahowa, ta faɗo da sassafe ranar Asabar. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, na firji ma haka. Ta buɗe, wayam!

Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, kafin a tambayi yaushe, kafin a tambayi ta yaya, an riga an amsa wane ne. Muntari. Shi ne mai share ƙofar kwantenar da goge gilasan sola. Magidanci ne ya haura talatin, amma a shekarun baya ƙwaya ta so ta kai shi ƙasa, har ƙyauren ɗakin uwarsa ya taɓa ɓallewa ya sayar. Ya daina tuntuni. To, wa ya damu da ya daina?

Injiniya Zulkifilu, mai kula da aikin, ya ɗaga hannu ya ce kada wanda ya taɓa kowa, kada kuma a ƙara tattaka wurin. Ya tura babur ƙauyen Zinyau a ɗauko Malam Ishiyaku mai bin sawu.

* * *

Malam Ishiyaku dattijo ne siriri, mai tafiya kai a sunkuye kamar ya yar da allura. Daga Rano har Kibiya, in aka kore wa mutum saniya ko aka haura masa katanga, shi ake kira. Yana da abu guda da yake ji da shi: bai taɓa nuna gidan da ba a samu kaya a ciki ba. Kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Yana sauka daga babur ya hango Baba Alu, shugaban leburori, sa'ansa kuma amininsa, wanda tare aka yi musu kaciya.

"Kai tsoho, har yanzu ba su sallame ka ba?" in ji Malam Ishiyaku.

Baba Alu ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta wuce leɓe ba. "Sannu da zuwa, Ishiyaku."

Malam Ishiyaku ya ɗauka azumi ne. Ya juya ga Juwairiyya, wadda idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"'Yar nan, makulli nawa ne?"

"Biyu ne, Baba. Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Baba Alu. In maciji ya sari wani ba na nan, shi zai ɗauki kwalin allurar a cikin kula ya bi mutum da shi asibiti."

Baba Alu ya zura hannu aljihu ya zaro nasa, ɗaure da carbi. Sai wani ya yi caraf daga cikin taro: "Ai Muntari ne ke wanke masa riguna! Aljihun wa bai sani ba?"

"Ku ji tsoron Allah," in ji Juwairiyya. "Wannan allurar ba ta bugarwa. Ko mutum ya shanye kwalin gaba ɗaya ba abin da zai ji."

"Zai sayar ya sayi mai bugarwa, Malama!"

Malam Ishiyaku ya kore su baya da sandarsa, ya tsuguna. Ƙasa ta yi magana tiryan-tiryan. Ga takalmin taya mai tsaga a dunduniyar hagu, ya shiga sakayau, ya fito da nauyi, ƙafar dama tana nutsewa. Na jiya da yamma ne. Akwai kuma wani sawun silifa mai faɗi nan da can, amma wannan ya san ƙafar tun suna yara, ya ce a ransa ai dole Alu ya zo da aka yi ihu. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake wani layin kiyashi da ke bin dokin ƙofa, ya kama sawun taya.

Sawun ya miƙe har rumfar masallaci, inda ƙafafu suka dagula ƙasa ba a gane komai. Malam Ishiyaku bai ko tsaya ba. Wa zai kai kayan sata masallaci? Ya zagaya ta baya, ya sake tsintar sawun, ya bi shi har ƙofar wani ɗakin langa-langa. A bakin ƙofar Muntari ke tsaye, takalman suna ƙafarsa.

Duk ido ya dawo kan dattijon, shi kuwa yana son irin wannan lokaci. Ya gyara murya.

"Sawun nan ya fito daga ɗakin magani da kaya. Ga kuma inda ya kwana."

Ai bai rufe baki ba aka ji tas! Wani ya ɗauke Muntari da mari, wani ya ƙara masa ta ƙeya. Da ƙyar Injiniya ya raba. Aka birkice ɗakin, ba a samu komai ba sai tabarma da buta da 'yan tsummokara. Duk da haka aka ɗaure masa hannu da igiyar tifa, aka tura shi sito.

Muntari bai yi kuka ba, bai rantse ba. Sau ɗaya ya ɗaga ido ya dubi Baba Alu, sannan ya mayar ƙasa.

"Gobe da hantsi zan kira 'yan sanda daga Kibiya su tafi da shi," in ji Injiniya. "Malam, kafin nan ka nemo mini inda ya kai maganin. In masu duba aiki suka ji, rufe ɗakin za su yi."

* * *

Siton ya ɗau zafi kamar tanda. Muntari na jingine da buhun siminti, leɓensa a fashe.

"Ka shiga ɗakin nan jiya?" in ji Malam Ishiyaku.

"Na shiga, Baba."

"Ka fito da kaya?"

"Na fito da kaya."

"To madalla. Ina ka kai?"

Muntari ya kau da kai.

"Kai, dube ni nan. Na girmi ubanka. In ka faɗa yanzu, ni zan roƙi Injiniya a kashe maganar a gida. In 'yan sanda suka sa ka a mota, mai irin tarihinka ba ya dawowa da wuri. Wa ka sayar wa?"

"Ban sayar wa kowa komai ba."

"To wa ya ba ka makulli?"

Muntari ya dubi igiyar hannunsa. "Baba, kai ne mai jin maganar ƙasa. Ita za ka tambaya."

Dattijon ya fito ransa a ɓace. Wai shi yaron nan zai gaya wa magana!

* * *

A bakin hanya ya ga sawun wani babur mai sulɓaɓɓiyar tayar baya, aka ce masa na Shamsuddeen ne, mai yawon tallar magani, wanda kan leƙo duk Juma'a. Ran Malam Ishiyaku ya yi fari. Ga ɓarawo, ga mai saye, saura me?

Ya same shi a Unguwar Gai ƙarƙashin wata darbejiya, yana fifita da kwali. Shamsuddeen na jin abin da ke tafe da shi ya dafe ƙirji.

"Ni? Allurar maciji? Baba, ka rufa mini asiri! Abin da sai da takardar likita? Ga akwatina, zazzage shi."

Aka zazzage. Maganin ciwon kai ne da na tsutsar ciki da man zafi, sai wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ya yi saurin turawa ƙarƙashin cinya.

"Muntari fa? Me ya kawo maka jiya?"

Shamsuddeen ya kwashe da dariya. "Muntari? Wallahi da za a kore shi daga wurin nan da na yi sadaka. Shi ne ke hana ni ciniki! In ya ga yaro ya nufo ni, sai ya zo ya tsaya masa a ka, yana ba shi labarin yadda ya kwana a kwata. Ko inuwar babur ɗina ba ya takawa."

Malam Ishiyaku ya hau babur ya juyo. Wani abu ya fara yi masa susa a zuciya, ya ƙi kula shi.

* * *

Da la'asar sakaliya ya tarar da wata tsohuwa zaune a ƙasa a ƙofar sito, da kwanon kunu a gabanta. Iya Baraka ce, mahaifiyar Muntari. Labari ya iske ta, ta tako da ƙafa.

"Malam Ishiyaku, ka gane ni? Kai ka nemo mini tunkiyata shekarun baya."

"Na gane ki, Iya."

"Da ya ɓalle mini ƙyaure, ni da kaina na kai shi wurin mai unguwa. Ba na ɓoye laifin ɗana. Amma ka san abin da ya fara saya da ya samu aikin nan? Ƙyaure. Shi ya kafa shi da hannunsa." Ta gyara mayafi. "An ce kai ka nuna shi. Na ce in dai kai ne, to ba ni da ta cewa, don ba ka ƙarya. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka duba da kyau?"

"Na duba, Iya."

"To shi ke nan."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya wuce.

* * *

A rumfar masallaci ake shan ruwa. An shimfiɗa tabarmi kusa da wasu randuna da aka dasa cikin jiƙaƙƙen yashi, an jera kofuna, ga dabino, ga zoɓo a bokiti. Ana kiran salla kowa ya kai hannu.

Ramalan direban tifa, wanda bakinsa ba shi da birki, ya kurɓi zoɓon ya yamutsa fuska.

"Kai! Wannan ai ruwan wanka ne. Yau ina mai sanyin?"

Na kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu. Rumfar ta yi tsit, irin shirun da ake yi in yaro ya faɗi abin da ya gani a ɗakin manya. Wani ya ƙirƙiro tari. Baba Alu ya ajiye kofinsa bai sha ba, ya ce a tashi a yi salla.

Malam Ishiyaku na tsaye a sahu, amma Allah ya gafarta masa, hankalinsa ba ya wurin. Mai sanyi? A wannan dajin, inda ba wuta, ba mai sayar da ƙanƙara? Abu ɗaya ne tak ke yin sanyi a nan. Sai layin kiyashin nan ya faɗo masa a rai, wanda ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Me kiyashi ke nema a ɗakin magani?

* * *

Gari na wayewa ya sa Juwairiyya ta buɗe masa kwantenar. Kiyashin na nan, sun fi na jiya yawa. Ya durƙusa ya bi su da ido har gindin firji, inda wani ɗigo ya bushe ya yi jajir. Ya dangwala da yatsa ya shinshina. Zoɓo ne, har da ƙanshin citta.

"'Yar nan, kwalin da ya ɓata, yaya girmansa?"

Ta ɗauko wani tsohon kwali irinsa ta miƙa masa. Bai fi na sukari ba.

"In yana cike fa?"

"Ko jariri ya ɗauka, Baba."

Innalillahi. Jiya da bakinsa ya ce sawun ya fito da kaya, ƙafar dama har tana nutsewa. Wane kwali ne wannan da zai nutsar da ƙafar ƙato? Bokiti ne cike da gorunan zoɓo. Yaron da ya fara koyon bin sawu bara ma ya san wannan. Shi ma ya sani. Kawai an riga an gaya masa sunan ɓarawo tun kafin ya tsuguna, shi kuma ya nemo wa sunan sawu.

Ya fito yana bin ɗigon. Ba a ganin sa da ido, amma duk inda ya faɗi kiyashi sun yi masa cincirindo. Tiryan-tiryan suka kai shi rumfar masallaci, wurin da jiya ya zagaye. A gindin randar ƙarshe yashin ya bambanta da sauran. An tona, an mayar, an lallaɓe da tafin hannu. Tafin kuwa babu rabin ɗan yatsa, wanda dutse ya datse wa mai shi tun suna samari.

Bai tona ba. Ya tafi neman amininsa.

* * *

Ya same shi a bayan injin niƙa dutse, zaune shi kaɗai. Baba Alu na ganin fuskarsa ya san an gama.

"Alu, me ya kai ka?"

Tsohon ya rufe fuska da tafukansa. "Zafin nan, Ishiyaku. Ka ga yadda yaran nan ke wuni suna dukan dutse da azumi a bakinsu. Ranar nan ɗaya ya faɗi. Na ce firji na nan yana ta sanyi a banza, 'yar kwali ɗaya ce a ciki. In ta tafi gida sai in cire, in sa a leda, in binne gindin randa. Ai nan ma da sanyi, nan iyayenmu ke ajiye komai. Kafin ta dawo in mayar. Tun farkon azumi muke yi. Jiya ta riga ni."

"Da ta yi ihu, me ya hana ka magana?"

"Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na ga yaran da ke durƙusa mini suna kallona. Na ce bari taro ya watse. Kafin ya watse an ambaci Muntari. Na ce bari ka zo, ai kai ba za ka nuna shi ba." Ya ɗago jajayen idanu. "Sai ka nuna shi."

Maganar ta soki Malam Ishiyaku har ƙashi.

Baba Alu ya kamo hannunsa. "Ka rufa mini asiri, don zumuncin da ke tsakaninmu. In tono shi yanzu, ka ce ka tsince shi a daji, ɓarawo ya yar. Magani ya dawo, Injiniya ya huce, a saki yaron. Kai ma sunanka bai ɓaci ba."

Kada a yi ƙarya, Malam Ishiyaku ya auna maganar. Ta yi masa daɗi ma. Ba wanda zai san ya yi kuskure, amininsa ya tsira da furfurarsa. Sai dai wane ɓarawo ne ya yar? Ko an saki Muntari, kowa ya san amsar da zai bayar, har ranar da za a kai shi kabari. Ga kuma allurar da ta sha shiga da fita, a mayar da ita firji a tsira wa wani bawan Allah.

Ya zare hannunsa a hankali. "Ka zo rumfa, Alu. In ka faɗa da bakinka ya fi."

* * *

Da hantsi kowa ya hallara: Injiniya da waya a hannu, Juwairiyya, Ramalan da sauran leburori, har Shamsuddeen da ya zo kallo. Aka fito da Muntari a ɗaure. Iya Baraka na rakuɓe daga gefe. Baba Alu ya zauna can ƙarshen tabarma.

"Jiya na yi magana a gabanku," in ji Malam Ishiyaku. "Na ce sawu ya fito da kaya. Gaskiya ne. Amma ban tambayi wane kaya ba, ban kuma tsaya inda aka sauke shi ba. Ramalan, shekaranjiya me ka sha ruwa da shi?"

Ramalan ya hau sosa ƙeya. "Zoɓo, Baba."

"Mai zafi?"

Ramalan ya sunkuyar da kai.

"Kai fa? Kai fa, mai saurin hannu, da ka fara marinsa? Da ka ji sanyi har cikin haƙoranka, ka ɗauka daga sama ya sauko?"

Ba wanda ya ɗaga kai. Dattijon ya jira, ya dubi ƙarshen tabarma, ya ƙara jira. Baba Alu bai motsa ba. Sai Malam Ishiyaku ya je gindin randar ya durƙusa, ya sa hannu ya yaye yashin. Ga baƙar leda. Ya kwance, ya ɗaga kwalin sama, ya jiƙe ya yi laushi.

"La'ilaha illallahu!" in ji Juwairiyya. Ta karɓi kwalin.

"Ni ne." Muryar Baba Alu ta fito kamar daga rijiya. "Ni na cire, ni na binne. Yaron nan bokiti kawai na sa shi ya ɗauka. Ya ma ce mini, Baba, Malama ta hana. Na ce ya rufe mini baki." Hawaye ya bi gemunsa. "Na ɗauka gindin randa ma sanyi ne."

"Sanyin randa na ruwan sha ne, Baba," in ji Juwairiyya, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Wannan yanzu ba zan iya tsira wa kowa ba. Sai an mayar da shi Kano an lalata, ni kuma in je in yi bayanin yadda na bar makulli. Kafin a kawo wani, duk wanda maciji ya sara a nan sai dai a yi ta gudu da shi." Ta dubi taron ɗaya bayan ɗaya. "Kuma duk kun sani. Kuna tsaye ina kuka, kun sani."

"Duk mun sha," in ji Ramalan can ƙasa-ƙasa. "Wallahi duk mun sha."

Injiniya ya mayar da wayarsa aljihu, ya ce a kwance Muntari. Ba wanda ya iya matsawa. Malam Ishiyaku ne ya je da kansa. Ƙullin ya ci nama, sai da ya sa haƙori.

"Me ya hana ka faɗa, Muntari?"

Muntari na murza wuyan hannunsa. "Lokacin da ko gaisuwata ba a amsawa, Baba Alu ne ya kawo ni nan ya ce ɗansa ne. Ba zan tsaya cikin mutane in kira sunansa ba. Na ce shi zai faɗa. Da bai faɗa ba, na ce ai an tafi ɗauko Malam Ishiyaku."

Dattijon ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Shekara da shekaru yana cika baki bai taɓa nuna gidan da ba kaya ba, ashe ranar da wani ya jingina da wannan magana da dukkan ransa, ranar ce zai kayar da shi.

"Ka yafe mini, ɗana. Kunyarka nake ji, wallahi kunyarka nake ji."

Nan fa kowa ya samu baki. Wannan na cewa a yi haƙuri, wancan na cewa sharrin Shaiɗan ne. Injiniya ya ce aikinsa na nan, har da ƙari. Baba Alu ya taso yana miƙo hannu biyu.

Muntari bai dubi kowa ba. Ya sunkuya ya cire takalman tayar nan, ya haɗa su, ya ajiye a gaban Malam Ishiyaku.

"Na yafe, Baba. Ga su nan, ka riƙe. In wani abu ya sake ɓata, kada a sha wahalar nemana."

Ya ɗauki kwanon kunun uwarsa, ya ce, "Iya, mu tafi."

Rana ta riga ta gasa tsakuwa, amma haka ya taka ta da tafin ƙafa, tsohuwar na biye. Aka yi ta kiransa, bai amsa ba.

Bayan taro ya watse, Malam Ishiyaku ya ɗauki takalman ya bi bayansu, wai ko ya cim musu. Kansa a sunkuye, kamar kullum. Ga sawun a fili, yatsu biyar-biyar, ga na Iya Baraka ƙanana a gefe. Ya san yadda sawun mai waiwaye yake: dunduniya kan ɗan murɗe, taku ya gajarce. Ya yi ta dubawa, yau kam da kyau ya duba, har bakin titi inda suka hau mota. Ko sau ɗaya dunduniyar ba ta murɗe ba.